Gilashin da ke Kan Tsagar Bango

“Ni hanyar nake tsoro, ba garin ba,” in ji Injiniya. Bai taɓa faɗin haka a fili ba sai a safiyar nan, kuma da yake faɗa bai iya duban matarsa ba. Idonsa na kan shayin da ya huce a gabansa.

Shi ba injiniya ba ne. Difloma gare shi, kuma a ɗakin gwajin kankare na wani kamfanin gine-gine yake aiki. Mutanen benen da suke haya ne suka laƙaba masa sunan tun ranar da suka gan shi da hular kwano, ya yi ta gyara musu har ya gaji. Matarsa ma da shi take kiransa, musamman idan tsokana ta motsa.

Ita tela ce, kekenta na jikin taga. Cikinta na fari ya tsufa, har ta soma taka keken da ƙafa ɗaya tana hutar da ɗayar. Tun shigowar damina take roƙonsa su koma ƙauyensu, inda gidan mahaifinsa yake a rufe babu kowa, inda kuma gwaggonta, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya daga asibiti, take zaune.

“Hanyar da aka zuba wa kwalta?” ta tambaye shi. “An yi sabuwar gada, Injiniya. Ko ita ma sai ka ɗauko ta ka sa a injinku kafin ka yarda da ita?”

Bai yi dariya ba. Ta san abin da yake nufi, ko da yake daga bakin yayarsa ta ji, ba daga nasa ba. Yana yaro naƙuda ta kama mahaifiyarsa a damina irin wannan. Rafi ya shanye tsohuwar gada, motar ta tsaya a wannan gaɓa, asibiti yana can ƙetare. A cikin motar mahaifiyar ta cika, shi yana tsaye a bakin ruwa riƙe da takalmanta.

“A nan asibiti da ƙafa ma sai mu je,” ya ce. “Ki haihu lafiya, sai mu yi maganar ƙauye.”

“To, ginin fa, zai jira ni in haihu?”

Duka biyun suka dubi bangon da ke bayan keken ɗinki.

Tun da aka kawo katafila filin da ke maƙwabtaka da su, aka haƙa rami mai zurfi don harsashin wani dogon bene, tsaga ta fito a bangon. Ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Mai gidan hayar ya zo ya duba, ya ce fenti ne ya gaji, ya tafi. Sun nemi wani ɗakin a cikin gari, babu wanda ƙarfinsu ya kai. Saboda haka zaɓi biyu ne kawai ya rage musu: wannan ɗakin ko ƙauye.

Injiniya ya yi abin da aka koya masa a makaranta. Ya yanko siririn gilashi kamar tsawon yatsa, ya gitta shi a kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti. Ya yi wa matarsa bayani a tsanake: gilashi ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa. Idan bango ya motsa ko da kaurin gashi ne, zai karye. Muddin yana nan lafiya, tsagar ta tsaya ke nan.

Yana nan lafiya yanzu ma, yana ɗan ƙyalli a hasken safiya.

“Kin gani,” ya ce.

“Na gani,” ta ce, ta sunkuya ta ci gaba da ɗinkinta.

Abin da bai faɗa mata ba shi ne, wannan ba gilashin farko ba ne. Wata safiya tana wanka ya tarar da na farkon ya rabe biyu. Ya tsaya a gabansa, sai ya ce wa kansa wataƙila simintin ne bai kama da kyau ba. Ya ɓamɓare shi, ya manna wani. Da wannan ma ya karye, ya ɗora laifin a kan girgizar keken ɗinki. Daga nan ya daina neman dalili. Ya riƙa ajiye yankakken gilashi da ɗan ƙullin siminti a jakar aikinsa, yana jiran ta shiga wanka.

A wurin aiki ranar nan hankalinsa bai zauna ba. Aikinsa shi ne ya ɗauki curin kankare da aka kawo daga wuraren gini, ya sa a injin matsa, ya yi ta ƙara masa nauyi har ya fashe, ya rubuta ƙarfin da ya jure. Ya daɗe yana wannan aiki, har kunnensa ya san abin da allurar injin ba ta nunawa. Kankare ba ya fashewa ba sallama. Yakan yi wata 'yar ƙara tukuna, siririya, kamar an taka busasshen ganye, ƙura ta ɗan zubo daga gefe. Bayan wannan, abin da ya rage ɗan lokaci ne. Ya tsaya riƙe da hannun injin, sai ya tuna cewa da safe ya ga farar ƙura a kan murfin keken matarsa, ya share ta da hannun rigarsa ba tare da ya yarda ya yi tunani a kai ba.

Ya nemi izini ya taso da wuri.

Hadari ya haɗu a gabas lokacin da ya iso layinsu. Ramin maƙwabta ya cika da ruwan jiya, jajawur, gefensa da ke jikin katangarsu ya zaftare, har ana hango ƙasan harsashin benensu a waje, kamar haƙorin da dasashi ya janye ya bari. Ma'aikatan sun tafi. Katafilar na tsaye ita kaɗai, ta kifa bakinta a laka.

A ƙasan matakala ya ci karo da Iya, tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙasa da jikokinta, tana kokawa da ƙofarta.

“Yauwa, ga Injiniya. Ɗan nan, ƙofar nan ta ƙi rufuwa tun shekaranjiya. Ko aljanu ne suka ƙi biyan haya suke son a bar musu a buɗe?”

Ya dubi saman ƙofar. Katakon ya cije a kusurwa ɗaya, ɗaya kusurwar kuma ta buɗe har yatsa zai shiga.

“Damina ce, Iya. Katako yakan kumbura.”

“To, tunda kai ka faɗa, hankalina ya kwanta. Ni da har na ce yaran su je su kwana wajen uwarsu.”

Ya hau matakala maganar tana binsa. Tasu ƙofar ma sai da ya sa kafaɗa.

Matarsa ba ta kan keke. Tana zaune a bakin gado, ta ɗora gwangwanin maɓallanta a cinya. Ta yi masa sannu da zuwa kamar kullum, ta miƙo masa ruwa, ta bari ya sha. Sannan ta buɗe gwangwanin ta juye shi a kan tebur. Ba maɓallai ne suka zubo ba. Gutsattsarin gilashi ne, wasu da busasshen siminti a bakinsu.

“Kana kwashe manyan,” ta ce a hankali, “amma ni nake shara. Tsintsiya ba ta san kunya ba, abin da ta gani shi take kawowa.”

Ya dubi gutsattsarin. “Tun yaushe?”

“Tun na farko. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da bakinka. Kai ka ce mini gilashi ba ya ƙarya. Ashe mai manna shi ne ya kamata in sa wa ido.”

“Ba na so hankalinki ya tashi, ga halin da kike ciki.”

“Hankalina? Dubi nan.” Ta ɗauki ƙwaryar zare ta ajiye a tsakar ɗaki, ta janye hannunta. Ƙwaryar ta ɗan yi jim, sannan ta soma gangarawa da kanta, tana warware jan zare a bayanta, har ta je ta daki gindin bangon mai tsaga. “Kullum can nake tsintar su. Ni ba ni da difloma, Maigida, amma na san ɗaki ba gangare ba ne.”

Ya zauna a kujerar keken. A waje iska ta taso, yayyafi ya soma dukan taga.

“Idan naƙuda ta zo miki ana ruwa irin wannan fa?” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Idan muka je bakin rafin nan...”

“Gwaggo tana nan, gada tana nan, Allah yana nan. Ban ce maka babu haɗari ba. Ni ma ina tsoro. Amma waccan hanyar wataƙila ce, wannan bangon kuwa kai kanka ka auna shi, ya ba ka amsa, ka ce bai iya magana ba. Ummanka ta rasu ne don ruwa ya tare hanya, ba wanda ya san zai zo. Mu fa an gaya mana.”

Yana duban jan zaren da ya ratsa ɗakin, yana ganin wancan rafin, yana jin nauyin takalman nan a hannunsa. A lokacin ne ƙarar ta zo daga bayan kansa, siririya, kamar an taka busasshen ganye. Bai buƙaci ya waiwaya ba. Rabin gilashin da ya manna da safe ya faɗo kan murfin keken, farar ƙura ta biyo shi.

Daga ƙasa ana jin jikokin Iya suna dariya, suna tara ruwan indararo a bokiti.

Ya miƙe, ya ɗauko mayafinta ya miƙa mata, ya ɗauki jakar kayan haihuwa da ta daɗe a shirye a kan kabad. Ya fizgi ƙofar da hannu biyu har ta buɗe, ya fita ya tsaya a kan matakala, inda muryar mutum ke kaiwa kowane ɗaki.

“Iya, abin da na gaya miki ɗazu ba gaskiya ba ne, ba damina ba ce. Jama'ar gidan nan, ku saurare ni. Ginin nan motsi yake yi, kowa ya fito da yaransa yanzu, kada a tsaya kwasar kaya. Ni da iyalina ba za mu kwana a nan ba. Yau za mu tafi ƙauye, kafin rafi ya kawo.”