Hular Mailafiya

A duk Matameye babu wanda ya kai Illa cikar rumbu, kuma babu wanda ya kai shi ɗaure fuska. Mutumin nan ko ɗansa aka haifa, sai ya tsaya yana tunanin geron da yaron zai ci. Har matarsa Baiwa ta gaji, ta ce masa, "Maigida, in aka gama girbi ban ga haƙoranka ba, ni dai na koma gidanmu Tsauni."

Abin ya dami Illa ƙwarai, don yana sonta, faɗa mata hakan ne kawai bai iya ba.

Abin haushin kuwa, maƙwabcinsa Mailafiya. Ya yi wa wani Nasara kuku a Damagaram, can ya shiga addinin Kirista, ya dawo ba ko tsinke sai tsohuwar farar hular Nasaran. An ƙwace jakinsa don ɗaukar kayan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ɗakinsa na yoyo, amma kullum bakinsa har kunne. Illa ya tambaye shi sirrin, ya ce, "Albarka ce. Allah ya karɓe ni saboda Almasihu tun ban mallaki komai ba, to me za a ƙwace mini?"

Illa ya ce a ransa, raina wa wani hankali. Wa ya taɓa ganin albarka ba laya? A cikin hular nan aka ɗinke ta.

Ran nan Mailafiya na barcin rana gindin tsamiya, Illa ya lallaɓa ya zare hular, ya kifa a kansa. Ta rufe masa har gira, tana warin tsohon zufa. Ya nufi gida yana jiran dariya ta zo.

To, Illa dogo ne, dangar unguwar kuwa iya wuyansa. Mata na daka, suka hango farar hula tana tafe bisa danga. Wata ta kwarma ihu, wai Nasara ya zo ɗibar maza aikin dole. Kafin ka ce haka unguwa ta watse. Har tsoho Ummaru mai ciwon gwiwa ya tsallake turmi.

Illa ya shiga gida, ba kowa, tuwo na ƙonewa. Sai ya ji atishawa daga cikin rumbu. Baiwa ce ta faɗa ciki ta ja murfi, ta wata 'yar kafa kuma hular kawai take gani.

Daga cikin rumbun ta ce, "Ranka ya daɗe, kumandan, don Allah kada ka tafi da maigidan nan. Ba zai yi maka amfani ba, ko dariya bai iya ba. Amma bai taɓa barina da yunwa ba. Kwashe geron duka, ka bar mini shi."



Sai ga Mailafiya da sallama, tsakar kansa na sheƙi. Ya dubi hular, ya dubi rumbun, ya ce, "Riƙe ta, Illa, na ba ka. Da ma sanƙona nake ɓoyewa da ita. Ni dai abin da na ji daga rumbun nan yanzu, ba a ɗinke shi a laya."

Baiwa ta ɗaga murfi, ƙaiƙayi har a hanci, ta ga wanda take ce wa kumandan. Ta ce, "Au, kai ne? To na janye maganata duka."

Illa ya buɗe baki zai yi faɗa, sai wani sauti ya kuɓuce masa, kamar tsohuwar ƙofa. Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa, hular ta gangara gindin murhu.

Baiwa ta leƙo sosai, ta daɗe tana kallon bakinsa. Ta ce, "Ashe har wushirya gare ka."