Motar Ermete Ba Ta Shan Fenti

"Cire hannunka daga jikinta, mugu!" in ji Ermete daga kan keken marasa lafiya. "Na san abin da kake aunawa."

Olindo ya yi dariya, ya ci gaba da turo motar daga gareji. Maƙwabta ne a wani ƙauye kusa da birnin Modena a Italiya. Olindo mai fentin mota ne, kuma tun suna da baƙin gashi yake roƙon Ermete ya bar shi ya taɓa tsohuwar motarsa ƙirar Lancia mai buɗaɗɗen sama. Shuɗinta ya koɗe, fatar kujerun duk ta tsattsage, amma Ermete bai taɓa yarda an canza mata ko ƙusa ba. Duk Lahadi sai ya goge ta, ya shafa wa fatar mai da yatsunsa.

"Ka ba ni ita mako ɗaya, ta koma amarya."

"Je ka fara yi wa fuskarka! Waɗanda suka fesa mata wannan fentin duk sun mutu. In ka kankare, ina za ka samo hannunsu?"

Likita ya hana Ermete fita, shi kuwa a wannan Lahadin ya ce sai ya sha iska. Olindo da Fiorenza, 'yar Ermete, suka cicciɓe shi zuwa kujerar gaba. Olindo ya ja a hankali ta cikin gonakin inabi.

"Taka ta mana, tsoho! Ba gawa ka ɗauko ba tukuna," in ji Ermete.

Ya taka. Injin ya yi gurnani, Ermete ya dinga ƙyaƙyata dariya har tari ya sarƙe shi.

Bai ga wata Lahadin ba.

Fiorenza ta kawo wa Olindo makullin motar, idanunta jawur. "Kawu, ina so ta bi bayan gawarsa zuwa coci, amma dubi yadda take. Yi mata abin da ka daɗe kana so."

Olindo ya shigar da ita shagonsa, ya haɗa shuɗin, ya ɗauko samfefa. A saman ƙofar direba ya ga inda fentin ya cinye har ƙarfe ya fito yana sheƙi: nan Ermete yake ɗora gwiwar hannu. Ya daɗe a tsaye, sannan ya rufe gwangwanin.

"'Yata, wanke ta kawai zan yi."

"Mutane za su ce mun wulaƙanta shi."

"Duk wanda ya faɗa, turo mini shi."

Haka motar ta bi bayan gawar, maza suna cire hula. A hanyar dawowa aka fara yayyafi. Olindo ya tsaya a bakin titi, ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa, yana jawo tsohon rufin tanti na motar a hankali, da hannu biyu, don kada ya yage.