Kaftanin Zuwa Mungadi

Ranar da Fadila ta ce wa Haliru ya zo gidansu a Mungadi, murna ta hana shi zama. Ya zuba yagaggen wandon jins da faffaɗar rigar yayi da ya saya a Jega, ya fito yana taƙama.

Yayarsa Murjanatu ta riƙe baki. "Haka za ka gaida babanta, gwiwa waje?"

Ya koma da gudu ya sako farin kaftani da hula.

Bayan la'asar ya yi sallama. Kakar Fadila ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanga miji nawa ne," in ji ta. "Fadila, nemi naki!"

Fadila ta shimfiɗa masa tabarma tana dariya.