Hular Tavion

Lorraine Pettway ta riga kowa isa wurin. Tavion Rucker yana kwance rigingine a kan ciyawa, ƙattai biyun da suka maka shi da ƙasa sun tashi suna tafawa. Ta durƙusa ta dafa ƙirjinsa.

"Kada ka motsa. Dube ni."

"Garau nake, Mama Lo." Ya ture hannunta ya miƙe. Sai ya nufi bencin abokan hamayya, taku uku, kafin wani ya kamo rigarsa ya juyo da shi.

Mutum dubu tara ne a filin, amma da wuya in wani ya lura. Ita ta gani.

Shekara ashirin da shida ke nan Lorraine tana kula da lafiyar 'yan ƙwallon Amurka na kwalejin Tallow Creek, tana naɗe idon sawu, tana ɗora ƙanƙara a kafaɗu. A duk shekarun nan ƙungiyar ba ta taɓa shiga wasannin neman kofi ba. Bana Tavion, mai jefa musu ƙwallo, ya ɗauke su a ka: wasa goma sha biyu, sau ɗaya aka doke su. Suka shiga wasan sili-ɗaya-ƙwale, suka fitar da ƙungiya biyu. Yau ne na kusa da ƙarshe. Har masana'antar yankan kaji ta ba da hutu, tun safe ake soya tarwaɗa a bakin fili. Ga shi abokan hamayya na da maki ashirin da huɗu, su kuma ashirin, saura minti shida.

Likitan ƙungiya ya bi motar asibiti da wani da ya karye tun kafin hutun rabin lokaci. Ita kaɗai ta rage.

Ta zaunar da Tavion, ta cire masa hular kwano, ta haska idonsa.

"Da wa muka buga makon jiya?"

"Haba, Mama Lo, jarrabawa kuma?"

"Da wa?"

Ya yi dariya, ya dubi 'yan kallo, dariyar ta ɗauke. Ya ambaci wata ƙungiya da suka doke tun watan Satumba.

Lorraine ta ɗauki hular ta matse a hammata. Ba hula, alƙalin wasa ba ya barin kowa ya shiga.

Koci Burl Haskew ya ƙaraso a guje, wuyansa ya yi jajir.

"Ya yaron?"

"Ya gama na yau. Kansa ya bugu."

"Kowa kansa buguwa yake, ƙwallo ce! Ba ki ji ya ce garau yake ba?"

"Ya ce. Bai ma san wane wata muke ba."

Burl ya matso, ya rage murya. "Lorraine, minti shida nake roƙo. Kin ga mutanen can sama masu littattafai? Daga manyan ƙungiyoyi suke, dominsa suka zo. Wasansa na ƙarshe ke nan a nan. Ke za ki rufe masa ƙofa?"

Maganar ta shige ta. Ta san uwar Tavion, mai dafa abinci a makarantar firamare, ta san gidan da suke ciki. Ta kuma san wani yaro da ta bari ya koma fili shekara goma sha tara da suka wuce, don an roƙe ta haka. Yanzu ƙanwarsa ce ke ɗaura masa igiyar takalmi.

"Ka kore ni ranar Litinin, Burl. Yau dai hular tana hannuna."

Tavion ya zabura. "Ba ni hulata! Ke ba uwata ba ce!"

"Da ni ce, da tuni na ja kunnenka zuwa mota. Zauna."

Ya juya ya kai hannu ga hular Odell Bynum, ƙaton da ya shekara huɗu yana kare shi a fili. Odell ya dubi Lorraine. Ta girgiza kai. A hankali ya ajiye hularsa a ƙasa ya zauna a kanta.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji shi. "Ni matar nan tsoronta nake ji."

Aka sa mai jifa na biyu. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tura su yadi bayan yadi, ganguna na tashi, har ya rage yadi takwas su kai layin cin maki. Jifan ƙarshe ya shafi yatsun mai kamawa ya wuce. Aka busa usur ɗin tashi.

Tana haɗa jakarta wani ya jefo kofin takarda daga sama, shayi mai sanyi ya jiƙa mata kafaɗa. "Kin kashe mu, tsohuwa!" Ba ta ɗaga kai ba. Burl ya wuce ta gabanta kamar bai san ta ba.

A tsohuwar motarta ta ɗauki Tavion. Mil arba'in ne zuwa asibitin da ke da na'urar hoton kai, uwarsa na biye a motar maƙwabta. Rana ta yi ƙasa a kan gonakin audugar da aka girbe. Ya jingina da taga.

"Mama Lo, mun ci?"

"A'a, ɗana. Da maki huɗu suka fi mu."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Ta miƙa hannu ta dafa ƙeyarsa har ya lafa.

Sun wuce gadar kogi ya ɗago, fuskarsa a sake, yana murmushi kamar wanda ya tashi daga barci mai daɗi.

"Mama Lo, mun ci?"

Ta dubi titi. Da ta ce masa e, zai yi murna, kafin su isa kuma ya manta. Ta gyara riƙon sitiyari, ta ƙara wuta.

"A'a, ɗana," ta ce. "Da maki huɗu."