Babur Babu Mariƙi

A kwanar titi ta biyu ɗan acaɓan ya ji babur ɗin ya karkata hagu, kuma ba shi ya karkatar da shi ba. Surukarsa ce a baya take tangaɗi. Tun safe jiri yake ɗibarta, jininta ya hau, matarsa ta ce ya yi maza ya kai ta asibiti.

"Mama, don Allah ki riƙe ni."

"Allah ya kiyaye," in ji tsohuwar. "Tuƙa abinka."

Shekara tara da ya auri 'yarta, ko ido ba su taɓa haɗawa da kyau ba, balle ta kama masa ƙugu. Ya ji tana lalube a kan sit, tana neman igiyar fatar nan da fasinja ke riƙewa. Babu ita. Da bakinsa ya sa mai ɗinki ya yanke ta wancan watan, wai tana ɓata wa sabuwar ledar sit ɗin kyau, haka duk abokan sana'arsa suka yi. Yau ya tsani kansa.

Kafin gada sai ga shingen jami'an hanya. Wani dogo ya ɗaga hannu, ya zagayo, ya shafa sit ɗin.

"Ina mariƙin fasinja?"

"Yallaɓai, mara lafiya na ɗauko."

"Mariƙi na tambaye ka. Ko igiya ko ƙarfe, doka ta ce in babu ba a ɗaukar mutum. Mama, sauko."

Ɗan acaɓan ya leƙa titi. Babu tasi, babu bas, rana kuwa ta take. In ta sauka a nan, a nan za ta zube.

"Yallaɓai, ka dubi Allah, ka dubi fuskarta."

Jami'in ya duba. Leɓenta ya bushe, ido ɗaya ya kaɗa ya yi ja.

"Ai shi ya sa ma. Wannan in ta sulale a kan kwalta, wa ya kashe ta? Me za ta riƙe?"

Can sai ɗan acaɓan ya ji hannuwa biyu sun zagayo cikinsa sun haɗe.

"Na riƙe ɗana," in ji ta, murya can ƙasa. "Buɗe mana hanya, yaron kirki."

Jami'in ya karɓe lasisin ɗan acaɓan, ya ce sai ya zo da mariƙi a ɗinke zai gan shi, sannan ya janye shingen.

Suna hawa gada ya ji kanta ya sauka a bayansa, yatsunta sun fara warwarewa.

"Mama? Mama!"

Ya saki kuloci, ya damƙe hannuwanta biyu a cikinsa da hannun hagu. Ba damar canja giya kuma. A giya ta biyu ya ƙarasa asibiti, injin na kururuwa, motoci na danna masa oda, bai sake ta ba.