Ranar da Sabis Ya Cika a Gidan Inna

Shekara uku Inna tana tsine wa kamfanin wayarta, safe da yamma, ba hutun Juma'a. Laifinsa ɗaya: ya hana ɗanta samunta.

Ɗan nan yayana ne, Sharifuddeen, babban ma'aikaci a Abuja. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, balle ta ɗaga waya ta kira shi. Kunya ta hana. “Mutumen Abuja” take ce masa. Ni ce Wasila, wadda ke zaune da ita a unguwar Minanata, mai kai ta asibiti da sayo maganin hawan jini. Ni sunana kam yana shan kira.

Sau ɗaya yake zuwa a shekara, da babbar sallah. Ya durƙusa, ya marairaice, ya ce, “Wallahi Inna kullum sai na kira, layinki na ba shi shiga.” Sai Inna ta harari wayarta kamar ta kama ɓarawo a ɗaka.

Ikon Allah, layin nan da ba ya shiga, mai kawo mana ruwa yana samunsa. Ƙawayenta na Islamiyya suna samunsa. Gwaggo Maimunat ta Dundaye ma, daga tsakiyar gonar shinkafa, tana samunsa ta yi awa guda kan ciwon gwiwarta. Kiran Abuja ne kaɗai ke ɓacewa a hanya, ƙila a Gusau yake sauka cin abinci.

Na gaji. Kuma bari in faɗi gaskiya, ba tausayi ya sa na ce a sake kamfani ba. Haushi ne. So nake ta gani da idonta.

Na ɗauke ta muka je ofishin sabon kamfani. Muka bi layi, ta dangwala yatsa, aka ɗauki hotonta tana ɗaure fuska. Abu ɗaya ta tambayi ma'aikaciyar: “Ɗiyata, lambar ba ta sakewa ko? Akwai masu nemana nesa.” Aka tabbatar mata lambarta na nan daram. Na ƙara da akwatin intanet, aka kafa shi a falo saboda kiran ga-ni-ga-ka. Muka gwada da Gwaggo, har giɓin haƙorinta muka gani tar.

Na tura wa Yaya saƙo cewa matsalar da ta dame shi shekara uku ta kau. Ya amsa da hoton babban yatsa. Ɗawainiya dai ya yi ta.

Ranar Juma'ar farko Inna ta yi lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta zauna a falo tun la'asar, tunda yanzu kiran har da gani. Wayar tana kan matashi a gefenta. Ta yi ƙara sau biyu. Mai ruwa ne, sai kuma Gwaggo da gwiwarta.

“Wasila, duba min, sabis na nan?”

“Ya cika taf, Inna,” na ce, har da jan maganar, don ta shiga da kyau.

Haka muka yi mako biyu, tana tambaya ina amsawa, ina jin daɗin kaina. A mako na uku ta daina tambaya. Ta daina tsinuwar ma, domin babu wanda za ta tsine wa, kuma bakinta ba zai iya kama sunan mai laifin ba. Gidan ya yi tsit. Tuwon da nake kai mata ya fara dawowa rabi. Na yi nasara, ta gani da idonta, kuma ban taɓa jin kunyar kaina kamar lokacin ba.

Wata safiya ina dama mata kunu ta kira ni. Ta miƙo min wayar ba tare da ta dube ni ba.

“Wancan kamfanin na da, suna karɓar mutum in ya so komawa?”

“Haba Inna! Wanda kinka kwashe shekara ukku kina tsine mai? Wanga mi yay yi miki?”

“Bai yi komi ba. Aikinai na da kyau.” Ta gyara mayafinta. “Ki dai maishe ni can. Can shina kira.”