Matattun Romi Ba Su da Nauyi

Rajistar cocinmu a Romi fayil ɗaya ce a kwamfutar Filibus, magatakarda. Sauran kwamfutoci huɗu na ofis ta igiyar wayar da ta haɗa su suke leƙa ta. In mutum biyu suka yi rubutu lokaci ɗaya sai komai ya tsaya cak, shi ya sa aka ware wani jan kofin roba: wanda kofin yake gabansa shi kaɗai zai taɓa rajista. An taɓa jiran Celina, mai buga takardu, minti arba'in saboda ta manta ta tafi shan ruwa da shi.

Ran Alhamis Dattijo Nicholas ya zo a shigar da jikokinsa tagwaye, don dokar coci ita ce ba a miƙa jariri ran Lahadi sai sunansa yana ciki. Filibus ya karɓi kofi, ya rubuta sunan na farko, fayil ya ƙi karɓa. Girmansa ya kai giga biyu, iyakar abin da irinsa yake ɗauka.

Dattijo ya ce abu mai sauƙi ne, a cire waɗanda suka mutu, ai ba sa zuwa sujada. Filibus ya daɗe yana kallon allo. Ya tambayi kansa ko goge wanda Ubangiji ya riga ya kira laifi ne, in kuma laifi ne, na mai dannawa ne ko na mai umarni. Sai ya kwafe sunayen a takarda, mutum ɗari uku da sha ɗaya, yana gogewa yana cewa a yi haƙuri.

Ya duba. Giga biyu, ko ƙwaya bai ragu ba.

"Sun ƙi fita, Baba," in ji Celina, tana ja da kujerarta baya.

Aka kira Alexander, mai gyaran kwamfuta a Unguwar Mu'azu. Ya yi dariya a waya har da tari. Ya ce irin wannan fayil ba ya ramewa don an goge abu, sai an sa kowa ya fita daga cikinsa an matse shi. Ya ƙara da cewa sunaye ba su da nauyi, hoto ne mai nauyi, a duba wa ya fi hotuna.

Aka duba. Matattun da aka goge dama yawancinsu ko hoto ba su da shi. Dattijo Nicholas yana da ɗari biyu da shida, don duk bikin da aka yi sai ya kawo wa Celina a saka masa: shi da fasto, shi da kek, shi da akuyar godiya.

"Wannan tarihin coci ne," in ji shi.

Filibus ya tura masa kofin a hankali. "Baba, ko tarihi ko tagwaye."

Dattijo ya zauna ya sa tabarau. Kowane hoto sai ya ba da labarinsa kafin ya yarda a cire, wani ma sai ya ce a dawo da shi ya sake gani. Da azahar ta wuce saura tara, ya ce ko bindiga aka kawo ba zai ƙara ba.

Aka fitar da kowa, aka matse fayil, ya faɗo ƙasa da rabi. Filibus ya shigar da tagwayen, Dattijo yana tsaye a kansa yana gyara masa harafi. Kafin ya fita ya tambaya ko yanzu akwai wurin hoton yaran, shi yana riƙe da su.